Oga, Maigida da Sallama Iri Biyu

A Kantin Kwari na taɓa jin wani dattijo mai furfura a gemu, mai shaguna biyu na kansa, yana cewa, "Ai ni yaron Alhaji wane ne." Da alfahari ya faɗa, har da dafa ƙirji. Tun ranar nake juya sunayen da muke kiran na sama da mu a wurin aiki, domin kowane suna da irin nauyin da yake ɗora wa mai shi.

A duba jagora. Kalmomi biyu ne aka haɗe, ja da gora. Gorar ita ce sandar makaho, ɗan jagora kuwa shi ne yaron da ke riƙe da bakinta yana tafe a gaba. Shi ne ƙarami a tafiyar, kuma inda mai sanda ya nufa can ake zuwa. Aikin yaron shi ne ya kauce masa rami da kwata, ya rage sauri idan dattijo ya gaji. Duk wanda ya yarda a kira shi jagoran ma'aikata, hidimar yaron nan ya ɗauka.

A zamanin da, fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro sun bambanta jagaba da madugu. Jagaba ya san hanya da mashaya da zango. Madugu, uban tafiya, shi ke daidaitawa da sarakunan da ayari zai ratsa ƙasarsu a kan kuɗin fito, shi ke kashe rigima idan ta tashi, kuma idan aka yi asara shi za a tambaya.

Oga daga Yarbanci muka aro shi, manaja da darakta daga Turanci. Ban ga laifin aro ba. Sai dai waɗannan sunaye kujera suke nunawa. Oga na iya yin shekara biyar a kanka bai san sunan unguwarku ba, kuma ba wanda zai ce ya gaza.

Maigida ba ya samun wannan sauƙin. Gida na cikin sunansa, ubangida kuwa har da uba. Yaron da aka kai shago yana ɗan shekara sha biyar, cinsa da suturarsa da jinyarsa suna wuyan maigida. A hannunsa zai koyi ciniki: yadda ake taya kaya, wanda ake ba bashi da wanda ake ba haƙuri, yadda ake riƙe amanar kuɗin da ba naka ba. Idan lokacin aure ya yi, maigida ne kan gaba. Na san tsarin yana da tabo, kuma yana yi mini ciwo. Akwai yaran da suka yi shekara ashirin suna ɗaukar dila, ba takarda ba shaida, suka tashi hannu rabbana. Siyasar ubangida ma ta shafa wa kalmar baƙin fenti.

Inda na fi tsayawa shi ne kalmar sallama. A ofis idan aka ce an sallami wane, an kore shi ke nan, iyalinsa sun shiga zullumi. A kasuwa idan aka ce Alhaji ya sallami yaronsa, barka ake zuwa yi: an ba shi jari, wataƙila har da shago, an haɗa shi da masu ba da kaya, an sa masa albarka. Wasu kan ce an yaye shi, kalmar da uwa ke amfani da ita ranar da ɗanta ya isa cin tuwo. 'Yan kasuwa suna ƙirga wa mutum yaran da ya sallama kamar yadda suke ƙirga masa shaguna. Ban taɓa ganin takardar ƙarin girma a ma'aikata da ke tambayar shugaba mutum nawa ya yaye ba, kuma ina ganin ya kamata a fara tambaya.

Dattijon nan na Kwari ya ce mini yara uku ya sallama zuwa yanzu. Ranar Sallah kuma, kafin su zo gaishe shi, shi ma ya riga ya je ya durƙusa a zauren Alhaji.