Hoton Faifai: Tarihin Ceto Bayanan Tsofaffin Kwamfutoci

Hoton faifai fayil ne guda ɗaya da ke ɗauke da duk abin da ke kan faifan kwamfuta daga farkonsa har ƙarshensa: fayilolin da ke ciki, da jadawalin da ke nuna mazaunin kowane fayil, da gurbin da kwamfuta ke fara karantawa idan an kunna ta, har da wuraren da ake zaton babu komai a cikinsu. Da shi ɗakunan karatu da gidajen tarihi da masu sha'awar tsofaffin kwamfutoci ke kwashe abin da ke kan faifan fulofi da tsofaffin rumbunan kwamfuta zuwa na'urorin yau, don a adana shi, a kuma iya buɗe shi ko da ainihin faifan ya lalace. Tarihin wannan aiki tarihi ne na ƙara nutsawa cikin faifan, domin kowane zamani yakan gano cewa kwafin da na gabansa ya ɗauka ya bar wani abu a baya.

Asalin faifan fulofi

Kamfanin IBM na Amurka ne ya fito da faifan fulofi na farko a 1971. Faɗinsa inci 8 ne, yana ɗaukar kusan kilobayit 80, an kuma yi shi ne don loda umarnin farko a manyan kwamfutocin kamfanin. A 1976 kamfanin Shugart Associates ya fito da mai inci 5.25, wanda ya zama abincin ƙananan kwamfutocin gida da na ofis. Sony na Japan ya biyo baya da mai inci 3.5 a farkon shekarun 1980. Macintosh ta ɗauke shi a 1984, sannan a 1987 IBM ya yaɗa nau'insa mai megabayit 1.44, wanda shi ne yawancin mutane suka fi sani.

Duk waɗannan faya-fayai gininsu ɗaya ne: siririyar roba zagayayya da aka shafe da garin ƙarfe mai karɓar maganaɗisu. Injin yana juya robar, kan karatu yana gogar ta, bayanai kuma suna zaune a zobba-zobba, kowane zobe an raba shi yanki-yanki. Faifan megabayit 1.44 yana da zobe 80 a kowace fuska, yanki 18 a kowane zobe, bayit 512 a kowane yanki, jimilla bayit 1,474,560.

Kowane kamfani da salonsa

Ko da yake robar iri ɗaya ce, yadda ake rubutu a kanta ya sha bamban, kuma daga nan wahalar ta samo asali. Injin Disk II da Steve Wozniak ya tsara wa Apple II a 1978 yana da nasa salon jera bayanai, wanda daga baya ya kai kilobayit 140 a zobe 35. Injin 1541 na Commodore yana cusa yanki 21 a zobban waje, ya rage zuwa 17 a na ciki. Macintosh ta farko tana sauya saurin juyin injinta gwargwadon zoben da take karantawa. Amiga, wadda ta fito a 1985, tana rubuta zobe guda a tashi ɗaya ba tare da barin tazara tsakanin yankuna ba, ta haka ta samu kilobayit 880 a faifan da kwamfutar IBM ke samun 720. Sakamakon haka, faifan Amiga zai shiga injin kwamfutar IBM daram, amma guntun da ke sarrafa injin ba zai fahimci ko harafi ɗaya ba.

A kan wannan sai aka ƙara kariyar hana kwafi. Masu sayar da manhajoji da wasanni sun riƙa ɓata tsarin faifai da gangan: su rubuta bayanai a tsakanin zobe biyu, ko su jera su a karkace kamar dodon koɗi, ko su bar wani wuri da raunin maganaɗisu yadda duk karatu zai ba da amsa daban. Manhajar takan duba wannan alama kafin ta tashi. Idan ba ta same ta ba, ta san kwafi ne, sai ta ƙi aiki.

Zamanin kwafe yankuna

Hanya mafi tsufa ita ce a karanta yankuna ɗaya bayan ɗaya a zuba su cikin fayil. Umarnin dd na tsarin Unix, wanda yake nan tun shekarun 1970, aikin da yake yi ke nan, kuma har yau ana amfani da shi. A ƙarshen shekarun 1980 da cikin 1990 manhajoji irin su Teledisk na kamfanin Sydex da Disk Copy na Apple sun sa mutane na aika wa juna faifai sukutum ta layin tarho. Daga baya Dave Dunfield na Kanada ya rubuta ImageDisk, wadda ta yi amfani ƙwarai wajen faya-fayan inci 8 da na tsarin CP/M.

Abin da ya ba hoton faifai daraja ta biyu shi ne bayyanar manhajojin kwaikwayo, masu sa kwamfutar zamani ta yi aiki tamkar tsohuwa. Bernd Schmidt ya fara UAE mai kwaikwayon Amiga a 1995, Nicola Salmoria na Italiya ya fara MAME a 1997, DOSBox ta fito a 2002. Irin waɗannan manhajoji kan buƙaci faifai a siffar fayil, sai nau'o'i suka kafu: ADF na Amiga mai bayit 901,120, D64 na Commodore mai bayit 174,848, DSK na Apple II mai bayit 143,360. Tunda kwamfutar zamani ba ta iya karanta faifan, sai a sa tsohuwar ta karanta da kanta ta turo ta waya. Wayar X1541 ta haɗa injin Commodore da kwamfutar IBM, manhajar ADTPro kuma tana kwaso faifan Apple II ko da ta ramin da ake jona rikodar kaset ne.

Wannan hanya ta ceci dubban faya-fayai, amma tana da gibi. Ta yi kama da almajirin da ya kwafe matanin tsohon littafi tsaf, ya bar sharhin da malamai suka rubuta a gefen shafi. Duk abin da ba ya cikin yankunan da aka saba, ciki har da alamun kariya, ba ya shiga hoton. Shi ya sa akasarin wasannin da suka yaɗu a wancan lokaci waɗanda aka fasa kariyarsu ne, wasu an sauya musu shafin farko, wasu an yanke musu sassa. Abin da aka adana ba shi ne abin da mawallafin ya fitar ba.

Karanta maganaɗisun kansa

Mafita ita ce a daina neman injin ya fahimci faifan, a nemi kawai ya faɗi abin da ya ji. Yayin da faifai ke juyawa, galibi sau 300 a minti, kan karatu yana jin duk inda fuskar maganaɗisu ta juya. Idan aka auna tazarar lokaci tsakanin juyi da juyi, wadda a faifan kilobayit 720 takan kasance kashi 4 ko 6 ko 8 cikin miliyan na daƙiƙa, an samu ainihin abin da ke kan robar. Fassara shi zuwa bayit aiki ne da manhaja za ta yi daga baya, sau nawa ake so, ba tare da an sake taɓa faifan ba.

Katin Catweasel na kamfanin Individual Computers a Jamus ya buɗe wannan hanya a shekarun 1990. A 2001 aka kafa wata ƙungiya don adana wasannin Amiga yadda suka fito daga masana'anta, wadda daga baya ta zama Software Preservation Society. Ita ta ƙirƙiro nau'in IPF, kuma daga aikinta na'urar KryoFlux ta fito, mai haɗa tsohon injin fulofi da kwamfutar zamani ta USB. SuperCard Pro ta Jim Drew ta biyo baya, haka Applesauce ta John Morris da nau'inta na WOZ don faya-fayan Apple. Greaseweazle ta Keir Fraser, wadda tsarinta a buɗe yake ga kowa, ta sauko da farashin yadda ɗalibi ma zai iya mallaka. Hoton irin wannan yakan ninka ainihin bayanan faifan girma sau da yawa, domin ana ɗaukar kowane zobe a juyi da dama, don a kwatanta a cike inda karatu ɗaya ya kuskure.

Abubuwan da suka farkar da jama'a

A 1986 BBC ta kammala aikin Domesday, tarin hotuna da taswirori da rubuce-rubucen rayuwar Birtaniya da ɗimbin 'yan makaranta suka taimaka wajen tattarawa, don cikar shekara 900 da littafin ƙidayar Ingila na 1086. Cikin shekara goma sha biyar na'urorin karanta faya-fayansa sun kusa ƙarewa, alhali littafin fatar na nan ana karanta shi. Sai a 2002 masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka farfaɗo da shi ta hanyar kwaikwayo.

A 2012 Jordan Mechner ya samu kwalin faya-fayan da ya rubuta wasan Prince of Persia na 1989 a kansu, bayan ya daɗe da fid da rai. Jason Scott na Internet Archive da Tony Diaz suka taimaka aka karanta su, aka saki rubutun manhajar ga jama'a. A 2014 aka sanar da ceto zane-zanen da Andy Warhol ya yi da Amiga a 1985, aikin da ƙungiyar kwamfuta ta Jami'ar Carnegie Mellon ta yi da KryoFlux. A can an ga wani darasi: bayan an karanta faifan, sai da aka warware tsarin fayilolin kafin hotunan su bayyana. A farkon 2015 Internet Archive ta sa wasannin MS-DOS fiye da 2,000 a intanet, ana buga su kai tsaye.

Yadda ake aikin a yau

Ƙa'idojin da ma'adanai ke bi sun aro abubuwa da yawa daga masu binciken laifuka ta kwamfuta. Da farko ana duba robar da ido, domin fumfuna da ƙura na iya kankare garin ƙarfen su kuma ɓata kan karatu. Ana rufe damar rubutu a jikin faifan, ko a sa na'urar hana rubutu idan rumbu ne, saboda wasu kwamfutoci kan yi rubutu a faifai da zarar an saka shi. Ana fara ɗaukar hoton maganaɗisu, tunda tsohon faifai wani lokaci karatu ɗaya ya rage masa, sannan a fitar da hoton yankuna daga ciki. Rumbun da ya fara lalacewa ana bin sa da GNU ddrescue, mai kwashe wuraren lafiya tukuna kafin ta koma kan masu matsala. Ana ɗaukar hoton takardar da ke manne a faifan, a lissafa lambar tantancewa irin SHA-256 don gane ko bayit ɗaya ya sauya daga baya, a ajiye kwafi uku a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani gari daban. Ƙaramin injin fulofi na USB da ake samu a kasuwa faya-fayan tsarin IBM masu inci 3.5 kawai yake karantawa, don haka ƙin buɗewar faifai a cikinsa ba hujja ba ce cewa faifan ya mutu.

Abin da ya rage

Apple ya fitar da iMac ba tare da injin fulofi ba a 1998, Sony ya daina yin faifan a 2011, gwamnatin Japan ta soke dokokin da ke wajabta amfani da shi a 2024. Faya-fayan na tsufa, injinan na ƙarewa, masu sanin gyaransu na raguwa.

Lamarin ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. A shekarun 1990 da farkon 2000 kundayen digiri da rubutun littattafai da takardun ofisoshi da yawa an buga su ne a shagunan buga takardu aka ajiye a fulofi, kuma zafi da ƙurar hunturu da laimar damina duk abokan gābar faifai ne. Ga kuma batun haruffa masu lanƙwasa. Kafin tsarin Unicode ya yaɗu, ana samun ɓ da ɗ da ƙ ne ta salon haruffa na musamman, irin Rabi'at da Abdalla da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙira. Fayil ɗin da aka raba da salon haruffansa yakan buɗe da wasu alamu a gurbin waɗannan haruffa. Saboda haka mai ceto rubutun Hausa yana buƙatar hoton rumbun kwamfutar gaba ɗaya, da manhajar da salon haruffan, ba takardun kaɗai ba. Jami'a ko gidan rediyo ko iyalin marubucin da ke da kwalin irin waɗannan faya-fayai ya kamata su ɗauki hotonsu yanzu, tun akwai injin da zai karanta su.