Wasiƙun da Suka Haɗa Matan Musulmi: Shekara 40 na WLUML

A watan Yulin 1984 aka yi wani babban taro kan lafiyar mata a birnin Amsterdam na ƙasar Holan. Ana cikin taron sai wasu mata tara suka ja gefe suka zauna. Daga Aljeriya, Maroko, Sudan, Iran, Tanzaniya, Morishus, Bangaladash da Pakistan suka fito, kuma labarai uku ne suka hana su sukuni. A Aljeriya an tsare wasu mata uku wata bakwai ba tare da an kai su gaban alƙali ba, laifinsu kawai sun zauna da 'yan uwansu mata sun tattauna daftarin dokar iyali da gwamnati ke shirin kafawa. A Indiya wata Musulma ta kai ƙara Kotun Ƙoli tana cewa dokar auren da ake yi wa Musulmi hukunci da ita ta hana ta haƙƙoƙin da tsarin mulki ya bai wa kowane ɗan ƙasa. A Abu Dhabi kuma an yanke wa wata baƙuwar 'yar aiki mai juna biyu hukuncin jifa, ana jiran ta haihu ta shayar na wata biyu.

Matan nan tara ba su da ofis ko asusu. Abin da ke hannunsu shi ne adireshin ƙawaye da abokan gwagwarmaya a ƙasashe dabam-dabam. Suka kafa kwamitin gaggawa, suka shiga rubuta wasiƙu da buga waya. Hikimarsu ita ce su sa ƙorafin ya fito daga ƙasashen Musulmi, domin gwamnatin da za ta yi kunnen uwar shegu da wasiƙar Landan ko Faris, ba ta jin daɗin ganin irinta daga Lahore ko Khartum. Aka saki matan Aljeriya. Matar Abu Dhabi ma ba a jefe ta ba, an mayar da ita ƙasarta Siri Lanka.

Uwar tafiyar ita ce Marieme Helie-Lucas, 'yar Aljeriya, masaniyar halayyar al'umma wadda ta koyar a Jami'ar Aljiyas. Ta girma a zamanin yaƙin ƙwatar 'yanci daga Faransa, ta ga yadda mata suka ɗauki saƙo da makami suka sha ɗauri, sannan a 1984 aka saka musu da dokar iyalin da ta mayar da baligar mace tamkar yarinya a gaban waliyyinta. Wannan ciwon ne ta zo da shi Amsterdam. A 1986 ta tara wasu mata a Aramon, wani ƙaramin gari a kudancin Faransa, suka rubuta tsarin aiki na farko, kwamitin ya zama ƙungiyar da duniya ta sani da WLUML, wato Matan da ke Rayuwa Ƙarƙashin Dokokin Musulmi.

Sunan nan an auna shi kafin a furta. Sun ce dokoki, a jam'i, kuma sun jingina su ga Musulmi. Matsayinsu tun ranar farko shi ne abin da ake zartarwa a kan mace a kotu da cikin gida haɗin gambiza ne: akwai fiƙihun mazhabar da ake bi, akwai al'adar gari, akwai ragowar dokokin Turawan mulkin mallaka, akwai abin da majalisa ko soja suka rubuta. Duk wannan sai a dunƙule shi a miƙa wa mace a ce mata addini ne, taɓa shi saɓo. Ita kuwa da ba ta taɓa fita garinsu ba, ina za ta san cewa a Tunisiya an hana ƙara aure tun 1956, a Pakistan kuma tun 1961 sai miji ya nemi izinin wani kwamiti kafin ya yi wa matarsa kishiya, kuma a takardar ɗaurin aurensu akwai gurbin da miji ke iya mallaka wa matar ikon sakin kanta? Ina za ta san kaciyar mata da ake ɗauka farilla a Sudan da Somaliya, yawancin Musulmin Aljeriya da Pakistan ba su ma san da ita ba? Kowace ƙasa da nata, kowace kuma tana cewa nata ne Musulunci. Ƙungiyar ba ta ce wa mata ga ƙasar da ta yi daidai ba. Ta ajiye musu dokokin kusa da juna, ta bar su su duba.

Abin da ya fi burge ni a shekarun farko shi ne sauƙin kayan aikin. Ofishin haɗa kai yana Grabels, wani ƙauye kusa da Montpellier. Babu katin zama mamba, babu kuɗin wata. Duk wadda ta karɓi wasiƙa ta isar da ita gaba ta shiga. Daga 1986 suka fara fitar da wani kundi mai suna Dossier, inda ake tara maƙalu da hukunce-hukuncen kotu da yankan jaridu a aika ta gidan waya. Matan da suka riƙe tafiyar manya ne a fagensu. Akwai Salma Sobhan ta Bangaladash, mace ta farko da ta zama barista a Pakistan ta wancan lokaci, a 1959, wadda ta rasu a 2003. Akwai Farida Shaheed ta cibiyar Shirkat Gah a Lahore, wadda ta yi fama da dokokin haddi da Janar Ziya'ul Haƙ ya kafa a 1979, dokokin da suka sa macen da ta kai ƙarar fyaɗe kan ƙare a kurkuku da tuhumar zina. Daga baya Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa ta mai bincike ta musamman kan haƙƙin al'adu, daga 2009 zuwa 2015. Akwai Faizun Zackariya ta Siri Lanka, da Homa Hoodfar 'yar Iran mai koyarwa a Kanada, da Fatou Sow ta Senegal.

A 1988 suka shirya musayar baƙunci, mace ta bar ƙasarta ta je ta zauna da Musulmin wata ƙasa ta ga yadda suke aure da saki da rabon gado. A 1990 suka zauna a Karachi suka karanta ayoyin da suka shafi mata, suna gwada tafsiri da tafsiri, fassara da fassara. Sai babban aikin da ya ci shekara goma, daga 1991 zuwa 2001: bincike kan mata da doka a ƙasashe fiye da 20. Masu binciken sun karanta kundin doka, sun kuma shiga ƙauyuka sun tambayi mata yadda abin yake a aikace, domin sau da yawa abin da ke rubuce dabam, abin da dagaci ko kawu ke zartarwa dabam. Sakamakon ya fito a 2003 a littafin Knowing Our Rights, ma'ana sanin haƙƙoƙinmu. Babi-babi yake tafiya: shekarun aure, yardar amarya, waliyyi, sadaki, ciyarwa, saki, kul'i, riƙon 'ya'ya. A ƙarƙashin kowanne an jera dokokin ƙasashe, daga wadda ta fi sauƙaƙa wa mace zuwa wadda ta fi matse ta. Ni a nan na fara fahimtar cewa sharaɗin da amarya kan gindaya, cewa in an yi mata kishiya al'amarinta na hannunta, abu ne da malaman Malikiyya suka daɗe da saninsa. Na girma cikin mazhabar, amma ban taɓa jin an faɗa wa wata amarya haka ba.

Wannan binciken ne ya kawo ƙungiyar Najeriya. Dakta Ayesha Imam, wadda ta yi karatu ta kuma koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Women in Nigeria a farkon shekarun 1980, ita ta jagoranci ɓangarenmu. Daga ayarin masu binciken aka haifi ƙungiyar BAOBAB a 1996, aka ba ta sunan itacen kuka, kuma ofishinta na Legas ya riƙe harkokin WLUML na Afirka da Gabas ta Tsakiya kafin a mayar da su Dakar.

Ba a daɗe ba aka ga amfanin shirin. Zamfara ta fara aiki da dokokin laifuka na Shari'a a Janairun 2000, jihohi suka bi har suka kai 12. A Oktoban 2001 kotun Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini ta Tungar Tudu hukuncin jifa. A Maris 2002 kotun Bakori ta yanke wa Amina Lawal irinsa. BAOBAB da ƙungiyar kare haƙƙin mata ta WRAPA da lauyoyi irin su Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim suka zaɓi hanyar da mutanen waje da yawa ba su gane ba: ɗaukaka ƙara a cikin kotunan Shari'a, da hujjojin Malikiyya. Suka kawo batun kwantaccen ciki, wanda kowace ungozoma a ƙasar Hausa ta san shi, kuma fiƙihu ya yarda cikin sakakkiya na iya kaiwa shekara biyar ana danganta shi ga tsohon miji. Suka kawo haƙƙin janye iƙirari. Suka nuna inda alƙalan farko suka tsallake ƙa'ida. Kotun ɗaukaka ƙara ta Sakkwato ta wanke Safiya ranar 25 ga Maris 2002. Ta Katsina ta wanke Amina ranar 25 ga Satumba 2003, alƙalai huɗu suka rinjayi ɗaya.

Tsakanin hukuncin biyu aka yi abin da nake ganin shi ne kololuwar tarihin wannan tafiya. Wata takardar koke ta karaɗe intanet, miliyoyin mutane suna sa hannu, tana cewa Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kuma za a jefe Amina ranar 3 ga Yuni 2003. Ƙarya ce, shari'ar ba ta ma bar Katsina ba. A watan Mayu Ayesha Imam da Sindi Medar-Gould suka fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa suna roƙon masoya na ƙasashen waje su dakata. Sun bayyana cewa koke mai kuskure yana zubar da mutuncin masu kare matar, zagin Musulunci yana jefa ta da lauyoyinta cikin haɗari, kuma afuwar gwamna ba ta kai wankewar kotu ba, tunda afuwa na nufin an yi laifin. Sun tuna da wata yarinya a Tsafe da aka yi wa bulala 100 a Janairun 2001 lauyoyi na tsaka da shirya ɗaukaka ƙara, abin da suka fahimta a matsayin martanin hukuma ga hayaniyar waje. WLUML ta yaɗa wasiƙar ta hanyoyinta duka. Mutanen da aka ce su yi shiru kuwa, daga ƙasashensu tallafi ke fitowa.

Shi ya sa nake jin zafi idan aka kira su 'yan amshin shatan Turawa. Gaskiya ne kuɗin daga waje yake zuwa, kuma ba su taɓa ɓoyewa ba: gidauniyoyi da hukumomin raya ƙasashe na Turai da Arewacin Amurka, sai gumin 'yan sa-kai wanda ba ya shiga lissafi. Gwamnatin Holan ta taka babbar rawa a shekarun baya. A 2008 ta buɗe asusun MDG3 da kimanin Yuro miliyan 70 don ƙungiyoyin mata, WLUML da wata abokiyar aikinta suka samu kaso suka gudanar da shiri kan mata da al'ada, wanda ya haɗa da gangamin hana jifa da kisan mata da sunan kare mutunci. Daga 2012 zuwa 2015 wani asusun Holan mai suna FLOW ya ɗauki nauyin horar da mata shugabanci, tare da Shirkat Gah. Kada a zaci wani tulin dukiya ne ke yawo a wannan fage. Ƙungiyar AWID ta bincika ƙungiyoyin mata 740 a faɗin duniya, ta tarar abin da suka samu gaba ɗayansu a 2010 dala miliyan 106 ne, rabinsu kuma ba su wuce dala 20,000 a shekara ba. Illar irin wannan tallafi ita ce na shiri ne, shekara uku ko huɗu ya ƙare, ba ya biyan hayar ofis ko albashin mai amsa wasiƙar gaggawa.

Shekarun da suka biyo baya sun yi nauyi. Ofishin haɗa kai ya riga ya koma Landan, tsara ta farko ta fara ja da baya, manyan tallafi suka ƙare, aiki ya ragu. An kuma yi saɓanin fahimta tsakanin masu ganin sai an raba addini da mulki, irin su Marieme, da masu neman gyara daga cikin fiƙihu, har wasu daga ɓangare na biyu suka taru a ƙungiyar Musawah da aka ƙaddamar a Kuala Lumpur a 2009. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, kuma tun asali an gina rumfar ne don ta ɗauki mai sallah da wadda ba ta yi, da wadda ba Musulma ba amma dokar ta hau kanta ta hanyar aure. Akwai matsayinsu kan ikon mace da jikinta da ba kowane mai karatu a nan zai bi su ba. A 2016 hukumomin Iran suka tsare Homa Hoodfar kwana 112 a kurkukun Evin, alaƙarta da ƙungiyar na cikin abin da aka riƙa yayatawa a kanta. Gwamnati ba ta ɗaure farfesa mai shekara 65 saboda ƙungiyar da ta mutu.

A 2024 WLUML ta cika shekara 40, a lokacin da 'yan matan Afganistan ke zaune a gida an rufe musu sakandare tun 2021, jami'a tun Disambar 2022, kuma da sunan addini aka rufe. Amsar da ta fi ƙarfi ita ce irin wadda matan Amsterdam suka ƙirƙiro, Musulmi daga Jakarta zuwa Sakkwato su ce mu 'ya'yanmu mata suna karatu. Littafin Farida Shaheed kan magabata mata, Great Ancestors, ya sa Nana Asma'u 'yar Shehu a sahun da ya dace da ita. A gida ma aikin na jira. Daftarin dokar iyali da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na II ya ɗauko a 2017 ya tayar da ƙura kan shekarun aure da ciyarwa da dukan mata, tambayoyin da Maroko ta amsa nata a 2004 lokacin da ta kai shekarun aure 18, Masar kuma ta sauƙaƙa kul'i a 2000. A Nijar an sha yunƙurin kafa dokar iyali ana fasawa.

Sai ga shi a Fabrairun 2025 gwamnatin Holan ta sanar za ta daina ba da tallafin ayyukan haƙƙin mata, a daidai lokacin da Amurka ke rushe hukumarta ta USAID. Masu cewa kuɗin waje ne matsalar, ga fili ya samu. Muna da attajirai a Kano da Maradi, muna da al'adar waƙafi da ta gina makarantu da rijiyoyi. Abin da nake so in ji shi ne babin kul'i da na riƙon 'ya'ya na littafin Knowing Our Rights ana karanta su da Hausa a rediyo bayan sallar isha'i, malama da lauya suna amsa kiran masu sauraro. Abin da za a kashe bai wuce ladan mai fassara da kuɗin awa ɗaya a mako a gidan rediyo ba.