Amsar Tambaya: Me Ya Sa Faifan Asali Ya Ƙi Yi, Na Jabu Kuwa Ya Yi?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai saurarenmu, ɗan tireda a kasuwar Maigatari. Ya ce shekarun baya yana sayar da kaset da faifai, har yanzu ma yana da akwati guda cike da su. Wani ƙanensa da ke zaune a Amurka ya taɓa aiko masa da faifan DVD na asali, sabo fil cikin kwalinsa, ya sa a na'ura ya ƙi yi. Ya je bakin tasha ya sayi na jabu na fim ɗin nan, ya yi garau. Shi ne yake tambaya, me ya jawo haka? Kuma su Turawan da ke tara faifai, me suke cewa a kan wannan lamari?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Faifanka dai lafiyarsa ƙalau, kwaɗo aka sa masa tun daga masana'anta. Domin ka gane dalili, bari mu ɗauki tarihin kamfani guda, watau Disney na ƙasar Amurka, mai yin katun na yara, don da wuya a sami wanda ya kai shi tsaron kayansa.

Wasu 'yan'uwa biyu, Walt da Roy Disney, su suka kafa kamfanin a shekarar 1923. A 1937 suka fitar da Snow White, dogon fim ɗinsu na farko na katun. A wancan zamani babu mai kallon fim a gida, sai an je silima. A 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, kuɗi ya yi wa kamfanin wuya, sai ya sake kai Snow White gidajen silima, ya kuwa sami ciniki. Daga nan suka gane wata dabara: a nuna fim na ɗan lokaci, a janye shi, a bari sai bayan shekara bakwai zuwa goma, lokacin da aka haifi wasu yaran da ba su taɓa gani ba, sannan a sake fito da shi. Kai manomi ka san wannan. Shi ne mutum ya zuba gero a rumbu da kaka, ya liƙe, sai bazara ta yi tsanani ya fasa. Mu ma a nan rumbu za mu riƙa kiran wannan ma'ajiya tasu.

Ana nan sai kamfanin Sony na Japan ya fito da na'urar bidiyo mai suna Betamax a 1975, wadda mutum zai iya ɗaukar shirin talabijin da ita a kaset. Hankalin masu fim ya tashi. A 1976 kamfanonin Universal da Disney suka kai Sony ƙara. A 1982 ma shugaban ƙungiyar masu fim ta Amurka, Jack Valenti, ya tsaya gaban 'yan majalisa ya kwatanta na'urar da wani maƙashin mata da ya taɓa addabar birnin Boston. Shari'a ta ja har Kotun Ƙoli, inda a watan Janairu na 1984 alƙalai biyar suka goyi bayan Sony, huɗu suka ƙi. Hukuncin ya ce mutum ya ɗauki shiri a gidansa don ya kalla daga baya ba laifi ba ne.

Abin dariya, Malam, na'urar da suka so a hana ita ce ta zame musu saniyar tatsa. A 1985 Disney ya sa fim ɗin Pinocchio a kaset, kuɗinsa kusan dala 80, daga baya aka karya farashin zuwa dala 30. A 1991 ya fitar da Fantasia, ya yi shelar cewa kwana 50 kawai za a yi ana sayarwa, a rufe rumbu. Mutane suka yi ta rububi, aka sayar da fiye da miliyan 14. The Lion King kuwa, da ya fito a kaset a 1995, ya haura miliyan 30.

Amma kaset yana da sauƙin gurzawa, na'ura biyu kawai mutum yake bukata. Saboda haka tun wajen 1985 aka fara sa wani tsaro mai suna Macrovision. Wasu alamu ne ake ɓoyewa cikin hoton, waɗanda talabijin ba ta damu da su ba, amma suna rikita na'urar da ke ɗauka, sai kwafin ya riƙa yin haske yana yin duhu har ya gundure ka.

Faifan DVD ya fito a Japan a ƙarshen 1996, ya shiga Amurka a watan Maris na 1997. A nan tsoron masu fim ya ƙaru, domin kaset in aka gurza shi hoton yakan dusashe, amma kwafin faifai daidai yake da uwarsa, ko sau dubu aka yi. Don haka suka ƙi ba da finafinansu sai da aka yarda da kwaɗo iri uku. Na farko shi ne Macrovision ɗin nan. Na biyu ana ce masa CSS, watau a hargitsa abin da ke cikin faifan yadda ba mai karanta shi sai na'urar da aka ba mabuɗi. Na uku, wanda shi ne ya kama ka, shi ne rabon duniya yanki shida. Amurka da Kanada yanki na 1. Turai da Japan da Masar da Saudiyya da Afirka ta Kudu yanki na 2. Kudu maso gabashin Asiya na 3. Kudancin Amurka da Ostireliya na 4. Sauran Afirka, har da Nijeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Cadi da Sudan, tare da Indiya da Rasha, na 5. Sin ita kaɗai na 6. Faifan yanki na 1 ba ya yi a na'urar da aka ɗaure a wani yankin. Ka ji abin da ya sami naka. Dalilinsu kuwa biyu ne: fim yakan fito a faifai a Amurka tun bai gama zagaya silimomin wasu ƙasashe ba, sannan suna son su sa wa kowace kasuwa farashinta, kada ɗan kasuwa ya saro mai araha ya kai inda ake tsada. Shi kuwa mai buga na jabu ya riga ya cire kwaɗon duka kafin ya buga, shi ya sa nasa bai yi maka gardama ba.

Disney bai yi saurin sakin manyan katun ɗinsa a DVD ba. Yana cikin kamfanonin da suka goyi bayan wani faifai daban mai suna DIVX, wanda kantunan Circuit City suka fito da shi a 1998. Ka saya kamar dala huɗu da rabi, ka kalla har awa 48, daga nan in kana son ƙari sai ka sake biya. Na'urar kuma dole a jona ta da wayar tarho, tana kai rahoton abin da ka kalla. Masu tara faifai suka ce haba, wannan ai haya ce aka yi wa rigar ciniki, kuma wa ya ba kamfani izinin leƙa ɗakin mutum? Suka yi ta kiran jama'a su ƙaurace masa. A watan Yuni na 1999 aka daina, Circuit City ya yi asarar sama da dala miliyan 100, kuma daga tsakiyar 2001 duk faifan DIVX da ke hannun mutane ya zama marufin tulu.

A wannan shekarar ta 1999 Disney ya fitar da wasu katun ɗinsa a DVD na kwana 60 kawai, a kan fiye da dala 30 kowanne, ba wani ƙari a ciki. Masu saye suka yi gunaguni. Kamfanin ya gyara, a watan Oktoba na 2001 ya fito da Snow White an wanke hotonsa tas, faifai biyu, aka sayi fiye da miliyan guda a ranar farko, bayan 'yan watanni aka mayar da shi rumbu. A ƙarshen 2001 kuma ya fara wani jeri mai suna Walt Disney Treasures, tsofaffin katun a cikin gwangwani, kowane gwangwani da lambarsa, kashin farko dubu 150 aka buga na kowanne. Wannan kam masu tarawa sun yaba, har yau suna nemansa.

Kwaɗon CSS kuwa bai daɗe ba. A watan Oktoba na 1999 wani yaro ɗan ƙasar Norwe, Jon Lech Johansen, mai shekara 15, shi da wasu mutum biyu, suka saki wata manhajar kwamfuta da ke buɗe shi. 'Yan sanda suka je gidansu a farkon 2000. Ya ce shi faifan da ya saya da kuɗinsa yake son kalla a kwamfutarsa. Kotu ta sallame shi a watan Janairu na 2003, aka ɗaukaka ƙara, aka sake sallamarsa a watan Disamba. A Amurka kuwa tun 1998 aka yi dokar da ta haramta fasa irin wannan kwaɗo. Rabon yanki shi ma ya sha ƙasa, domin masana'antun Sin sun cika duniya da na'urori masu araha da ke karɓar faifan kowane yanki.

Har ila yau a 2003 Disney ya gwada wani faifai mai suna EZ-D a wasu biranen Amurka. Ja ne in ka buɗe ledarsa, iska na taɓa shi sai ya fara sauyawa, bayan awa 48 ya yi baƙi ya mutu. Kuɗinsa dala shida zuwa bakwai. Mutane ba su saya ba, masu kare muhalli kuma suka ce tulin shara ne, gwajin ya watse.

To me masu tara faifai suke cewa? Ƙorafinsu na farko, mai gaskiya shi ke shan wahala. Shi ake tilasta wa ya zauna ya karanta gargaɗin hukuma a farkon faifai ba halin tsallakewa, shi faifansa ke ƙin yi in ya ƙetare iyaka, shi hotonsa ke rawa in ya bi da wayar DVD ta cikin tsohuwar na'urar bidiyo. Na biyu, rufe rumbu yana kiran ɓarawo. Uba ya zo neman fim don ɗansa, a ce masa sai bayan shekara bakwai, ga wanda aka yi amfani da shi ya yi tsada, ga na jabu a arha, ina kake zaton zai nufa? Misalin da suke yawan kawowa shi ne Song of the South na 1946. Kamfanin bai taɓa sayar da shi a kaset ko faifai a Amurka ba, saboda sukar da ake yi cewa ya ƙawata zaman baƙar fata a gandayen kudancin ƙasar. An sayar da shi a kaset a Ingila, sai 'yan satar fasaha suka yi ta kwafa daga can. Masu tarawa suka ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma akwai waɗanda suke son rumbun, domin shi ke sa abin da suka ajiye ya yi daraja, kamar mai tsohon hatsi a shekarar fari.

Kada kuma a ce kamfanin ba shi da hujja. Katun guda yakan ci shekaru da hannun ɗaruruwan masu zane, in kowa ya kwafa kyauta wa zai biya su? Mu ma nan gida mun ga misali. Tun daga Turmin Danya a 1990 sana'ar fim ɗin Hausa a Kano ta dogara da cinikin kaset da faifai a wurare irin su Ƙofar Wambai. Da jabu ya yi yawa, masu tura fim a waya kuma suka shigo, kasuwar faifai ta durƙushe, masu shiryawa da yawa suka koma talabijin da YouTube. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ƙarshen labarin rumbu ya zo a 2019, da kamfanin ya buɗe Disney+, inda ake biyan kuɗin wata a kalla ta intanet. Aka fasa rumbun, sai dai Song of the South bai fito ba. A watan Mayu na 2023 kuma aka wayi gari kamfanin ya cire finafinai da shirye-shirye masu yawa daga ciki don rage kashe kuɗi, wasu ba su taɓa fita a faifai ba. A shekarar ya daina sayar da faifai a Ostireliya, a 2024 kuma ya miƙa harkar buga faifansa a Amurka ga Sony, kamfanin nan da ya kai ƙara a 1976. Masu tarawa suka ce kun gani ko? Wanda ke kan kantarka ba mai zuwa da dare ya ɗauke.

Saboda haka Malam, kada ka zubar da akwatin nan. Faifan ƙanenka zai yi in ka sami na'urar da ke karɓar kowane yanki. Ka duba bayan kwalinsa, za ka ga ɗan hoton duniya da lamba 1 a ciki. Ka ajiye su a inuwa, a tsaye cikin kwalayensu, nesa da zafin kwano da ƙura, in za ka ɗauka ka riƙe ta gefe. In kuma fim ɗin 'yan gida ne, in da hali ka nemi na asali, don mai shi ya ci guminsa.