Lissafin Kwamfuta da Kwalbar Ɗakin Gwaji

Tun 1912 wata hukumar bincike a Birtaniya ta tsayar da awon BOD na kwana biyar: a toshe ruwan ƙazanta cikin kwalba, a duba yawan iskar oksijin da bakteriya suka shanye. Da shi da nauyin dattin da ya maƙale a takardar tacewa har gobe hukumomi ke yi wa matatun ruwa hukunci.

A 1987 kwamitin mutum biyar ƙarƙashin Mogens Henze na Danmak ya fitar da ASM1, tsarin lissafin da manhajojinmu suka ginu a kansa. Suka ture BOD gefe, suka kama COD, wato yawan oksijin da ake bukata don ƙone dattin ruwa da sinadari, bisa aikin Marais da ɗalibansa a Jami'ar Cape Town. Hujjarsu ta fi ƙarfi, domin COD ba ya ɓata. Abin da ya shiga tanki, ko ya fita da ruwa, ko ya zama laka, ko oksijin ya cinye shi, lissafi kuma ya rufe.

Sai dai abubuwa 13 tsarin ke bi, akasarinsu kuwa ba kwalbar da za ta ware maka su: mai saurin ruɓewa, mai jan ƙafa, wanda ba ya ruɓewa sam, bakteriya masu rai, ragowar matattu. Manajan matata bai san da wannan zance ba, BOD da nauyin datti yake tambaya.

Dole masu manhajojin GPS-X da BioWin a Kanada, da WEST a Beljiyam, suka ƙara wani hawa mai mayar da lissafin zuwa abin da ake aunawa. Nan rigimar take. A matatar misali ta BSM1, da muke gwada dabaru a kai, COD na ɓarɓashi ake ninkawa da 0.75 a sami nauyin datti; BOD na ruwan fita kuwa kashi ɗaya cikin huɗu (0.25) ne na abin da ke ruɓewa. Ko giram ɗaya na bakteriya, wasu giram 1.42 na COD suke ba shi, mutanen Cape Town 1.48.

Lambobin nan daga ruwan wasu birane aka samo su, kuma a ganina barinsu yadda suka zo shi ne gangancin da ya fi yawa a sana'armu. Garin da majema ko mayanka ke zuba ruwa a magudana, rabonsa daban ne. Shi ya sa tsoffin hannu, kafin su kunna kwamfuta, sukan yi makonni suna ɗiban ruwa a bakin matata, suna tacewa, suna auna COD kafin tacewa da bayanta.