Ɗan Kokawar Da Ba A Gayyata Ba

Duk wanda ya tashi a ƙasar Adar ya san abin da kan faru in an gama girbi. Hatsi ya shiga rumbu, kara ya bushe, iskar hunturu ta fara kaɗawa. Sai wata rana da la'asar ka ji ganga daga bakin gari. Ba sai an gaya ma kowa ba, kokawa ce. A wannan karo ina so mu waiwayi tarihin wannan wasa namu. Sarakunan fili kowa ya san sunansu, maroƙa kuma sun gama yi masu kirari. Ni wanda nake so mu duba shi ne mutumin da ake mantawa da shi, wato wanda ba a kira ba, ba a rubuta sunansa ba, ya kawo kansa da kansa ya ce a gwada shi.

Yadda abin yake a da

Tun zamanin kakanninmu kokawa abokiyar kaka ce. Shekarar da damina ta yi kyau, ita ce shekarar da ake jin ganga daga Kalfu har Tamaske, daga Afala har Takanamat. Shekarar da aka yi fari kuwa, makaɗi ma yakan rataye gangarsa, don mai jin yunwa ba ya ɗaga ƙato. Samarin wannan gari su aika ma na wancan gari goro, a sa rana. Ranar nan a share fili, jama'a su yi da'ira, tsofaffi a gaba bisa tabarmi, mata da ƴanmata a gefe guda, yara a kan itatuwa.

Ba a biyan kuɗin shiga, ba a kiran sunaye daga takarda. Wanda ya ji ƙarfi a jikinsa sai ya tuɓe, ya ɗaura walki, ya shiga tsakiya ya miƙa hannu ga wanda yake so. Ko ɗan sarki ne, ko ɗan maƙeri, ko baƙon da dare ya yi masa a hanya, fili ɗaya ne. Ladan kuwa ba mai yawa ba ne: goro, ɗan kari daga hannun ƴan kallo, guɗar mata, da suna. Amma suna shi ne babba, don shi ke bin mutum har kasuwa, har gidan surukai.

Ina yaro na ga irin wannan da idona, a wani ƙauye da ke tsakanin Barmu da Tawa. Muna da wani zakara wanda kaka uku ke nan bayansa bai taɓa ƙasa ba. Rannan ya kada mutum biyu, yana zagaya fili yana taƙama, ba wanda ya tashi. Sai wani siririn mutum da ya sauka a garin da jakuna, zai kai kaya kasuwar Tawa ta ran Lahadi, ya ajiye sandarsa ya roƙi aron walki. Jama'a suka yi ta dariya. Makaɗi bai san takensa ba, sai ya ci gaba da kiɗa haka nan ba kirari. Suka kama. Zakaranmu ya tura shi har bakin da'ira sau biyu. A na ukun baƙon ya sunkuya ya kama masa ƙafa, kafin mu ƙifta ido ƙato yana ƙasa. Fili ya yi tsit, sa'an nan ya ɓarke da ihu. Da asuba mutumin ya ɗaura ma jakunansa kaya ya wuce. Har yau ba mu san sunansa ba, Mai Jakuna kawai muke ce masa, kuma har yau in dattawan garin suka zauna hira sai an ambace shi. Ɗan hakin da ka raina shi kan tsone maka ido.

Shekarar 1975

Bayan babban farin da ya ci dabbobi da gonaki a 1973 da 1974, soja suka kifar da gwamnatin Diori Hamani ran 15 ga Afrilu 1974, Laftanar-kanar Seyni Kunce ya hau mulki. Sabuwar gwamnati ta farfaɗo da samariya a gari-gari, tana neman abin da zai haɗa kan matasan ƙasa. Aka duba aka ga ba wasan da Bahaushe da Bazabarme da Babarbare suka sani gaba ɗaya kamar kokawa. Don haka a 1975 aka shirya gasar ƙasa ta farko, kuma a nan garin Tawa aka yi ta. Wanda ya zama zakara shi ne Yakuba Kantu na Maraɗi.

A lokacin jahohin ƙasa 7 ne. Da aka raba Tilaberi da Yamai suka zama 8. Kowace jaha tana kawo mutum 10, ke nan ƴan kokawa 80 suke haɗuwa, kuma gasar tana zagayawa daga wannan jaha zuwa waccan. Takobi ya zama alamar sarautar fili. Rediyo ya kai labarin har rugage, daga baya talabijin ya kawo hoton har cikin gidaje. Sunayen mazan farko yanzu suna kan filayen kokawa: Kantu a Maraɗi, Salma Ɗan Rani a Doso, Langa-Langa a Damagaram, Hamidin Mai Dare a nan Tawa. Jaharmu kuma ta fid da mazaje irin su Kadade, da Haruna Abdu, da Yahaya Kaka.

Wannan ci gaba ne babba, ba mai musu. Ɗan kokawa ya sami daraja da dukiya da kakansa bai taɓa mafarki ba. Amma kowane tsari da abin da yakan zo da shi. Tun da aka ce mutum 10, to, dole a yi zaɓe, daga ƙauye zuwa gunduma, daga gunduma zuwa jaha. Wanda sunansa ba ya cikin takarda ba ya shiga fili, ko da ya fi kowa ƙarfi. Da a yau Mai Jakuna zai iso bakin filin Hamidin Mai Dare ranar gasa ya nemi aron walki, da wurin ƴan kallo za a nuna masa.

Abu ɗaya dai na tsohuwar al'ada ya tsira, shi ne kuwa gishirin gasar. A neman takobi ba a auna nauyi, ƙarami yana karawa da babba. Wanda kuma aka kada sau ɗaya ya fita daga sahun masu neman takobi, ko shi wane ne. Shi ya sa kowace shekara jama'a ke kasa kunne su ji ko wani yaron da ba a san shi ba ya kwantar da wani gwarzo. Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka na Doso, ya ɗauki takobi sau 6, na shidan a Agadas a watan Disamba 2023, abin da ba wanda ya taɓa yi. Duk da haka a 2024, a garin Doso, Abba Ibrahim na Yamai ne ya tafi da takobin. Gaba da gabanta.

A wata ƙasa mai nisa

Ba mu kaɗai muka san irin wannan mutum ba. A Amurka akwai wani wasan ƙwallo da manyan makarantu ke yi tsakaninsu. Ƙwallon dogo ne kamar ƙwai, a hannu ake ɗaukarsa a ruga, kowane gefe mutum 11, abokan karawa kuma su tare mai ƙwallon su kada shi. Rabinsa gudu ne, rabinsa kokawa. Jami'o'i sukan aika mutane su bi makarantun sakandare suna neman yara masu ƙarfi, su ɗauke masu kuɗin karatu da ci da kwana. Shekaru da dama doka ta ƙayyade wa kowace babbar jami'a mutum 85 da za ta ɗauki nauyinsu haka. Sauran gurabe kuwa na waɗanda suka kawo kansu ne. Suna da suna na musamman a can, ma'anarsa wanda ya tako da ƙafarsa ya shigo. Shi ke biyan kuɗin karatunsa, shi manya ke gwada ƙarfinsu a kansa wajen horo, ranar wasa kuma sau da yawa a zaune yake ƙarewa.

Wanda aka fi tunawa a cikinsu shi ne Daniel Ruettiger, ana ce masa Rudy. Gajere ne, tsawonsa mita 1 da santimita 68, nauyinsa wajen kilo 75, a wasan da ƙattai ke wuce kilo 100. Ya yi aikin sojan ruwa, ya yi aiki a gidan wutar lantarki. Karatu yana ba shi wuya ƙwarai, sai da ya girma aka gane yana da wata larura da ke sa baƙaƙe su riƙa rikice masa a ido. Sau 3 jami'ar Notre Dame tana ƙin karɓarsa, a na huɗu, a 1974, ta karɓe shi. Ya yi ta shan faɗuwa wajen horo ba a sa shi wasa ba. Sai ran 8 ga Nuwamba 1975, shekarar da aka fara gasar ƙasa a Tawa, aka sa shi ana gab da tashi. A karon ƙarshe ya kutsa ya kada jagoran abokan karawarsu. Abokansa suka ɗauke shi a kafaɗa suka fita da shi. A 1993 aka yi fim a kan rayuwarsa.

Akwai kuma Brandon Burlsworth, wanda ya kai kansa jami'ar Arkansas a 1994, ana ganin ƙibarsa ta yi yawa. Ya dage har jami'ar ta ɗauki nauyinsa, a 1998 kuma aka lissafa shi cikin gwanayen ƙasar baki ɗaya. A watan Afrilu 1999 wata babbar ƙungiya ta zaɓe shi, bayan kwana 11 ya rasu a haɗarin mota yana da shekara 22. Tun 2010 ake ba da kyauta da sunansa kowace shekara ga wanda ya fi fice cikin waɗanda suka fara da kawo kansu. Baker Mayfield, shi ma haka ya fara, a 2017 ya karɓi kyautar Heisman, wadda ita ce mafi girma a wasan jami'o'i.

Na kusa da mu shi ne Ezekiel Ansah, ɗan Gana, haifaffen Akra. Karatu ya kai shi jami'ar Brigham Young a 2008. Ya nemi shiga ƙungiyar ƙwallon kwando sau 2 ba a ɗauke shi ba. A 2010 ya je wurin masu wannan ƙwallo, ko yadda ake sa kayan wasan bai sani ba. A 2013, da manyan ƙungiyoyi suka zo zaɓen sababbin ƴan wasa daga duk jami'o'in ƙasar, shi ne na 5 da aka kira.

To, amma a can ma ƙofar tana ƙara tsukewa. A watan Yuni 2025 kotu ta amince da wani sabon tsari wanda ya ƙayyade yawan ƴan wasan kowace jami'ar da ta shiga cikinsa a kan 105, kuma jami'a na iya ɗaukar nauyinsu duka. Da ma wasu ƙungiyoyi sukan wuce wannan adadi saboda masu kawo kansu. Yanzu mutane da yawa a can suna fargabar kada a wayi gari ba gurbin irin su Rudy.

Abin da ya rage gare mu

Mu a Adar damuwarmu ta fi wannan kusa. Da zarar an ɗaure dammunan ƙarshe, samarinmu sun hau mota, wasu Abijan, wasu Najeriya, wasu Libiya. Ba laifinsu ba ne, neman abinci ne. Amma garin da ba samari ba a kaɗa gangar kokawa a cikinsa, inda kuma ba a kaɗa ganga ba, ba wurin da baƙo zai ajiye sanda ya nemi walki. Duk wanda ya taɓa ɗaga takobi, a fagen ƙauye ya fara, gaban mutanen da ba su san abin da zai zama ba. In wannan fage ya mutu, masu zaɓen mutum 10 daga ina za su zaɓa?

Ni aikina koyar da manya karatu da rubutu ne, kuma a ajinmu ma ina ganin Mai Jakuna. Kowace shekara akan kawo mani sunayen waɗanda za su shiga aji. Bayan an fara da mako biyu sai ka ga wani dattijo, ko wata mai goyo, a tsaye bakin zana, ba sunansu a takarda, suna leƙe. Na koyi in ce masu su shigo su zauna. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, irinsu ne suka fara rubuta wasiƙa da hannunsu kafin ƙarshen rani.

Don haka ina roƙon masu gari da shugabannin samari, ko mutum goma suka rage a gari, a share fili bayan girbi a kaɗa ganga. Ina roƙon masu shirya zaɓen gunduma su riƙa sanar da rana da wuri, a rediyo da kasuwanni, cikin harshen da manomi ke ji, su kuma ware yini guda da duk wanda ya kawo kansa za a bar shi ya kama. Ku kuma masu karatu, in a garinku an taɓa yin wani baƙo ko wani yaro da aka raina ya kada zakara, ku tambayi tsofaffi, ku rubuta labarin da hannunku ku aiko mana, da sunan garin da shekarar in an tuna. Na sarakunan fili an riga an rubuta. Na waɗannan kuwa, in ba mu rubuta ba, zai tafi tare da masu ba da shi.

Allah ya kai mu kaka lafiya.