Asma da borin jini a jikin yara: darasin Kumasi

Shekaru kusan arba'in ke nan likitoci na ganin ciwon asma, da atishawar da ba ta jin maganin mura, da ƙaiƙayin fata suna ƙaruwa a tsakanin yara. Binciken ISAAC, wanda aka fara a 1991 kan 'yan shekara 6 zuwa 7 da 'yan 13 zuwa 14 a ƙasashe da dama, har da Ibadan a Najeriya, ya fitar da sakamakon zagaye na uku a mujallar Lancet a 2006. Ya nuna a wasu ƙasashen da asma ta riga ta yi katutu abin ya fara lafawa ga manyan yara, amma a wurare da yawa na Afirka da Latin Amurka sai ƙara hawa yake yi.

Bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne na David Strachan a 1989. Ya duba yara sama da 17,000 da aka haifa a Birtaniya a 1958, ya tarar wanda yake da yayye da yawa bai cika kamuwa da atishawar borin jini ba. Daga nan wasu suka ɗauka ƙazanta ce garkuwa, wanda kuskure ne mai haɗari a ƙasashen da gudawa ke kashe jarirai. Abin da hujjoji suka nuna shi ne amfanin cuɗanya da ƙananan halittun da ido ba ya gani na gona da dabbobi tun jariri yana goye. A Amurka, a 2016, an samu asma a kashi 5 cikin ɗari na yaran al'ummar Amish masu noma da dawakai, amma kashi 21 a yaran al'ummar Hutterite masu noma da injina.

A ganina wani bincike da aka yi a birnin Kumasi ya fi shafarmu. Ba takardar tambayoyi aka raba wa iyaye ba. An sa 'yan makaranta gudu na minti shida, aka auna numfashinsu, aka kuma yi musu gwajin fata na borin jini. Tsakanin 1993 da 2003, masu toshewar ƙirji bayan gudu sun tashi daga kashi 3.1 zuwa 5.2, masu amsa gwajin fata daga 7.6 zuwa 13.6. 'Ya'yan masu hali na birni ne kan gaba.

Kano da Zinder da Maraɗi suna kan wannan hanyar: ɗaki a rufe, katifa da kafet masu tara ƙura, kyankyasai, hayaƙin janareto da maganin sauro na kunnawa, ga hazon hunturu. Yaron da ƙirjinsa ke kuka da dare sau da yawa kemis ake kai shi, a ce limoniya ce, a ɗora shi kan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Irin wannan yaro ba ya shiga kowane lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce asma ta kashe mutum 455,000 a 2019, akasarinsu a ƙasashe marasa ƙarfi. Saboda haka jami'o'inmu su maimaita gwajin Kumasi a makarantun firamare, kuma a wadata asibitocin sha-ka-tafi da maganin shaƙa mai rahusa.