YAƘIN KWANA UKU A DAKAR, 1940

Malaminku ne na yaƙi da jahilci ke gaishe ku daga Bune, ƙasar Gure. Yau darasinmu na tarihi ne.

Kowa ya ji labarin yaƙin Hitila. Kowa ya san Ingila da Faransa gefe ɗaya suke. To, amma akwai kwana uku da Ingilishi suka buɗe wa Faransawa wuta a nan Afirka ta Yamma. Ba a cika ba da wannan labari ba, alhali kuwa ya shafi kakanninmu.

Ga yadda abin ya faro. A watan Yuni na 1940 Jamus ta ci Faransa da yaƙi. Sai Faransawa suka rabu biyu. Marishal Petan ya yi sulhu da Jamus, ya kafa gwamnati a garin Vishi. Janar Dagol kuwa ya tafi Landan, ya ce yaƙi bai ƙare ba. Ran 26 ga Agusta gwamnan Cadi, Feliks Ebuwe, wanda baƙar fata ne, ya bi Dagol.

Lokacin nan Nijar tana ƙarƙashin Faransa. Gwamna yana Yamai, amma babban gwamna yana Dakar, ƙasar Sanagal. Daga can umurni ke fitowa. Babban gwamnan, Buwason, ya bi Petan. Saboda haka Nijar ma ta zama ta Vishi, ba wanda ya shawarci talaka.

Ingilishi suna son Dakar don tana da babbar tashar jiragen ruwa. Suka ɗauko Dagol da sojojinsa, suka haɗa da nasu, suka taho ta teku. Zatonsu da an ga Dagol za a buɗe masa ƙofa.

Ran 23 ga Satumba 1940 suka iso. Hazo ya rufe teku. Dagol ya aika manzanni cikin ƙaramin jirgi, aka harbe su, aka yi wa babbansu rauni. Daga nan wuta ta tashi. Jiragen Ingilishi suna harbi daga teku, manyan bindigogin Dakar suna ramawa. Babban jirgin yaƙin Faransa mai suna Richelieu shi ma yana harbi daga tasha. Mutanen Dagol suka nemi sauka a Rufisk, kusa da Dakar, aka kore su.

Ran 25 ga wata, wani jirgin Faransa mai tafiya ƙarƙashin ruwa ya fasa babban jirgin Ingilishi mai suna Resolution. Sai Ingilishi suka janye, suka nufi Firitawun ta Saliyo. Cikin waɗanda suka mutu har da talakawan Dakar, waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Bune da faɗan teku? Ku dubi inda muke zaune. Kudu da mu Nijeriya ce, lokacin nan ta Ingilishi ce. Gabas da mu Cadi ce, lokacin nan ta Dagol ce. Da Dakar ta ƙi faɗuwa, sai Nasaran Nijar suka ɗauki maƙwabtan nan biyu abokan gaba. Aka tsananta tsaron iyaka. Fatake masu kai manda da kanwa da dabbobi kudu, wajen Nguru da Kano, suka shiga wahala. Yadi ya yi wuya. Aikin tilas da karɓar hatsi suka ƙaru.

Haka aka zauna fiye da shekara biyu. Sai a Nuwamba 1942, bayan sojojin Amurka da Ingila sun sauka Maroko da Aljeriya, Buwason ya juya ya bi su. Aikin tilas kuwa ba a soke shi ba sai 1946.

'Yan uwa, kun ga an yanke hukunci a kan kakanninmu a wurin da ba su taɓa gani ba, cikin takardun da ba su iya karantawa ba. Ku da kuka fara riƙe alƙalami, ga aikin wannan mako. Kowa ya tambayi tsohon gidansu abin da iyayensa suka gaya masa game da zamanin nan. Ya rubuta ko layi biyar ne, ya kawo aji mu karanta tare.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.